Habibu, Wanda Ya Ga Cikin Ƙafata

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya jera ƙasusuwa sannan ya tufatar da su da nama. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ina yi muku sallama, masu karatu.

Ina zaune a zaure bayan Azahar, ina sake ƙyallen da ke ɗaure a ƙafata, sai ƙanen Habibu ya shigo ya tsuguna, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Malam, Yaya ya faɗi a gona yana yankan dawa. Rai ya yi halinsa." Na yi istirja'i.

Habibu ɗalibina ne tun yana ƙarami, a nan ƙauyenmu gefen Tsanyawa. Ya yi aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti cikin Kano, har ya yi ritaya ya dawo noma. Yakan fara duban ƙafar mutum kafin fuskarsa. Na taɓa tsokanarsa cewa ɓarawon takalma a masallaci kaɗai na sani da irin wannan kallo. Ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, baki yakan ce lafiya lau, amma ƙafa ba ta iya wannan ƙaryar ba."

Shi ya lura, yana bayana a sahu, cewa a zaman tahiya na daina kafe babban yatsana na dama a ƙasa. Ya jira jama'a suka watse, sannan ya nemi in nuna masa. Akwai miki a ƙarƙashin yatsan, ga shi ina da ciwon sukari. Ya danna wurin, ya tambaye ni ko da zafi. Na ce alhamdu lillahi, babu. Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Da zafin ya fiye mana, Malam."

Shi ya kai ni Kano, ya roƙi tsofaffin abokan aikinsa su bar shi ya gyara mini zama da hannunsa. Ya yi bisimilla, ya lanƙwasa gwiwata, ya shimfiɗa tafin ƙafata a kan farantin hoto, aka ɗauka daga sama. Sannan ya karkatar da ƙafar zuwa ciki don kada ƙasusuwa su hau juna, ya janye sauran yatsun da ƙyalle don babban ya fito shi kaɗai. Ya ce, "Ko ƙuda ya sauka, kada ka motsa."

Da hoton ya fito, ya nuna mini dogayen ƙasusuwa biyar da ke riƙe da yatsu. Ya ce kowane yatsa ƙashi uku gare shi, ban da babban, shi biyu ne. Sai yatsansa ya tsaya a wani wuri da farin ƙashin ya dushe, kamar azarar da gara ta fara ci. Na tambaye shi, ya ce, "Ni mai ɗauka ne, likita ke karantawa." Likita ya ba ni magani, ya ce in dawo bayan kaka a sake hoto. Ya ce ƙashin yatsan ne ya fara ruɓa, kuma idan ruɓar ta tsallake gaɓa ta shiga dogon ƙashi, ba yatsa kaɗai za a yanke ba. Habibu ya yi alkawarin mayar da ni da kansa, ya kuma hana ni taka ƙasa ba takalmi, ko da zuwa alwala ne.

Ranar da Habibu ya rasu, ni na sallace shi. A bakin kabari kowa ya cire takalmi kamar yadda muka saba, ni ma na cire, na sauka na kwantar da shi da hannuna. Sai da na koma gida mai ɗakina ta ga jini a tabarma. Ƙaya ce ta shige cikin mikin, ban ji komai ba. Tun ranar yatsan yake baƙi, kuma baƙin yana hawa. Yanzu turare ba ya ɓoye warin.

Gobe zan shiga mota zuwa Kano. Wanda ban sani ba shi zai juya ƙafata a kan farantin, kuma ban san da wace irin ƙafa zan dawo ba.

Allah ya jiƙan Habibu, ya haskaka kabarinsa, ya ba mai ɗakinsa Rabi da 'ya'yansa haƙuri, ya tsaya musu. Ku kuma masu karatu, Allah ya ba ku lafiya. Ku sa ni a addu'a. Allah ya tabbatar da dugaduganmu a kan siraɗi. Amin.