Yaya Almakashi da Allurar Ƙyanda

A unguwar bayan masaƙa kowa ya san Yaya Almakashi, rabi don sana'arta ta ɗinki, rabi don kaifin bakinta. Shagonta ɗaki ɗaya ne a ƙasan bene: keken ɗinki biyu, madubi mai tsaguwa a gefe, da bencin da mata ke zama su jira kayansu. Mutanen unguwar baƙi ne. Iyayensu sun zo aikin masaƙa suka zauna, kuma har yau harshensu daban da na 'yan gari. Ita Yaya a goye aka zo da ita, don haka duka harsunan biyu tana iya faɗa da su. Mijinta ya rasu da wuri, da keken nan ta raini 'ya'ya uku. Babban cikinsu kurma ne, ƙyanda ce ta tafi da jinsa tun yana rarrafe.

Wata ranar Talata likitar yara ta ƙaramin asibitin tsallaken titi ta shigo shagon, ta zauna a benci kamar mai jiran ɗinki.

"Yaya, ƙyanda ta ɓulla a unguwar da ke maƙwabtaka da ku, kuma yaranku ba sa zuwa rigakafi. Na yi magana har na gaji."

"Da wane harshe kika yi maganar, Likita?"

Likitar ta yi dariya. "Shi ya sa na zo wurinki."

Yaya ba ta ja dogon zance ba, ta karɓa. Dabararta ita ce sai ta soka wa mace allurai a jikin riga wajen gwaji, sannan ta ɗauko maganar, tunda ba mai gudu da allurai a hammata. A haka ta ji abin da ke cikin kowa. Wata ta ce ɗanta ya yi zazzaɓi bayan allurar farko, da ta koma tambaya akawun asibitin ya kwaikwayi maganarta, mutane suka yi dariya. Wata ta ce mijinta ya ji a waya cewa allurar tana hana haihuwa. Da yawa kuma suka ce su ba tsoro ba ne, asibitin ne ke buɗewa suna bakin aiki, ya rufe kafin su tashi.

Kowace tambaya sai Yaya ta tsallaka titi da ita, ta dawo da amsa. Likitar ba ta ɓoye komai ba: zazzaɓi yakan zo, wurin allurar yakan ɗan kumbura, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Haka Yaya ta riƙa faɗa musu, ba ƙari ba ragi.

Da ƙyar da lallashi ta tara mata masu yawa, har da matar ƙaninta, wadda ta fi kowa taurin kai. Suka roƙi izinin safiya a wurin aiki, suka ɗauko yara, Yaya a gaba. Suna isa, akawun ya ce, ko kai bai ɗaga ba, "Firji ya lalace, allurar ta ɓaci. Ku dawo wani satin."

A bakin ƙofar asibitin matar ƙanin ta juyo. "Yaya, kin ga mutanenki? An ce ma biyan ki suke yi a kan kowane yaro."

Kafin mako ya zagayo, mata biyu sun zo sun karɓe yadinsu ba a ɗinka ba.

Yaya ta sami likitar a ofis, ko sallama ba ta ƙarasa ba. "Kin sa na zubar da mutuncina a titi!"

"Yaya, tun bara nake roƙon a canza firjin nan. Ranar ma ina can ina bin mai gyara."

"Ni ban san firji ba, fuskata na sani. Ke kin koma gidanki, ni da su nake kwana nake tashi."

Likitar ta dafe goshi. Idonta ya yi ja, kuma Yaya ta ga ita ma a gajiye take, amma hakan bai rage mata haushi ba. Daga ƙarshe suka yi shawara likitar ta kawo allurar shago a akwatin sanyi, ranar da masaƙa ba ta aiki, wadda ita ce ranar hutunta ita ma.

Ta zo kuwa. Yaya ta tura kekunan jikin bango, ta share ƙasa, ta shimfiɗa sabon yadi a kan teburin yanka. Suka zauna tun safe har la'asar. Waɗanda suka zo ko benci ba su cika ba. Matar ƙanin ta wuce ta ɗaya gefen titi da 'yarta a hannu, tana kallon sama kamar mai neman jirgi.

Ba a daɗe ba ƙyanda ta shigo unguwar, ta kama 'yar ƙanin nata. Yaya ta rufe shago ta tare a asibiti, ita ce fifita, ita ce tafinta, kuma ta danne bakinta, abin da ba ta saba ba. Yarinyar ta tashi lafiya. Ranar da aka sallame su, a hanyar gida, matar ƙanin ta ce, "Ni dai na lura, sai da kuka kawo akwatin nan unguwa ciwon ya shigo."

Yaya ta tsaya cak a tsakiyar titi har wani mai mota ya danna mata oda. Ta matsa gefe. Ta miƙa mata jakar kayan yarinyar, ta juya shago. Ranar ta yanka hannun rigar wata amarya a gajarce, ta zauna tana kallonsa.

Har yanzu likitar tana zuwa da akwatinta sau ɗaya a wata. Wani watan mutum shida, wani watan biyu. Akawun mai kwaikwayo yana nan a kujerarsa, sai dai an ja masa kunne. Duk wata Yaya tana rantsuwa wannan ne na ƙarshe. Likitar takan ce, "To, Yaya," ta ci gaba da jera auduga a faranti, ita kuma Yaya ta leƙa waje ta ƙwala wa wata mai wucewa kira da sunan ɗan matar.