Mutumin da ya maido mana da muryar Mama

Kafin masu shagunan layinmu su gama shara, Kawu Mai Rediyo ya riga ya buɗe nasa na gyaran rediyo da rakoda. Shago ne da in ka miƙe hannuwa sai ka taɓa bango da bango. Zai goge tebur, ya jera sukudireba da almakashi da 'yar kwalbar gam, ya gyara tabaransa mai ƙafa ɗaya, sannan ya kunna wata tsohuwar rediyo da ba ta kama tasha sai an ɗan mare ta. Maƙwabta na tsokanarsa wai likita ne ya kasa warkar da 'yar cikinsa. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce tsufa ne, kuma ba a gyara shi.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, don ido ya ƙi. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun yana ji da kunnensa.

Duniya ta koma waya, amma duk Disamba sai ka ga mutane suna zuwa masa da tsofaffin kaset a leda: na mawaƙan coci, na yaro yana koyon magana, na kaka tana yi wa jikoki addu'a. Telan da ke jikin shagonsa ya shaida mini cewa a watan Kirsimeti Kawu ba ya karɓar ko sisi a kan kaset ɗin da ke da muryar ɗan gida. In ka matsa masa, sai ya harare ka ta saman tabarau ya ce, "Ni na sayar maka da muryar? Ɗauki abinka ka ba ni wuri."

Mu ma kaset ɗaya muke da shi. Wata Kirsimeti muna yara aka ajiye rakoda a falo, Mama tana bayar da waƙa muna amshi, Babanmu yana biye da mu da muryarsa da ba ta taɓa zama kan hanya ba. Da Mama ta rasu, Babanmu ya daina waƙa ɗungurungum. Abin da ya rage yana tara mu gida shi ne kaset ɗin nan, a saka shi da safiyar Kirsimeti, kowa ya yi tsit.

Bara rakodar ta tauna shi. Babanmu ya ruɗe ya fizgo, zaren ya tsinke. Da na je na same shi zaune da abin a tafin hannu, ya ce mini, "Gaya wa 'yan'uwanki bana kada kowa ya wahalar da kansa. Me za a zo a ji?" Wallahi maganar ta tsorata ni, don na san in muka tsallake shekara ɗaya, gidan ya watse ke nan.

Na kai wa Kawu. Ya daɗe yana warware zaren da bakin fensir, yana shafa shi da yatsa, sannan ya ce, "'Yata, ba zan yi miki ƙarya ba. Tsakiyar waƙar ya mutu. Sauran zai tashi."

Na ce to ya haɗa baki da baki kawai, ko yaya ne.

Ya girgiza kai. "In na yi haka za ta yi tsalle kamar mai tuntuɓe. Mace mai murya irin wannan ba a sa ta tuntuɓe."

Da na koma karɓa sai ya nuna mini abin da ya yi. Ya auna tsawon wurin da ya lalace, ya yanko zaren da ba komai a kansa daidai wannan tsawon, ya liƙa a gurbin. Ya ce, "Za ta yi shiru, sannan ta dawo inda ya kamata ta dawo. Tsakanin nan kuma naku ne." Ya ƙara da faɗa wai in je a kwafa mana a waya, kada in sake kawo masa kuka.

Da ƙyar na tattaro yayyena da ƙannena ranar Kirsimeti. Babanmu ya fito falo kamar wanda aka yi wa dole. Na saka kaset ɗin na danna. Muryar Mama ta cika ɗakin, ta kai tsakiya, sai ɗif. Ba wanda ya motsa. Ni dai ina cewa a raina Kawu ya cuce mu.

Sai muka ji murya daga kujerar kusurwa, a dishe, tana rawa. Babanmu ne ya ɗauki waƙar daga inda ta tsaya. Ya ja baitin har ƙarshe, kuma daidai kalmar da ya kai, Mama ta dawo ta same shi a kanta. Muka fashe da kuka gaba ɗaya. Yayarmu tana share hawaye ta ce, "Baba, ashe har yanzu ba ka iya ba." Ya ce, "Uwarku ba ta taɓa ƙorafi ba. Maido shi farko."

Kawu, kai ne ka yi wannan. Kai ne ka ƙi yi mana aikin sha yanzu, ka zauna da idon da ke ba ka wahala a kan kaset ɗin da wani zai ce a jefa a shara. Ba ka san Mama ba, amma ka girmama ta. Mun gode, Allah Ya saka maka, Ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma masu karatu, kowa da abin da hannunsa ya iya. Kyauta ba sai an naɗe ta a takarda mai ƙyalli ba. Ku duba layinku a watan nan, akwai wanda abinsa ya tsinke yana jin nauyin faɗa.

Bana Babanmu ne da kansa ya bi kowa a waya yana tambayar yaushe za mu iso. Ya ce kuma in gaya maka, Kawu, an ajiye maka kujera kusa da tasa. Ka zo da wuri, wai akwai gwajin waƙa.