Sharaɗin da Ya Rage wa Kafinta

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai muna zaune a Onitsha, a wani gidan haya da ke bakin unguwar Hausawa. Maigidana yana saro albasa daga Arewa, ni kuma ina goyon ɗana na biyu. Ɗakin da ke kallon namu na wata tsohuwa ce 'yar Ibo, mijinta ya daɗe da rasuwa, kowa Mama yake ce mata. Tana zaune da ɗanta kafinta, wanda ya kusa talatin bai yi aure ba.

Wata safiya na tarar da ita zaune gaban murhu, ba ta hura wuta ba. Na tambaye ta lafiya da ɗan Ibon da na iya. Ta ce ɗanta yana so ya shiga gidan masu zuhudu na Katolika, can cikin duwatsun Kamaru, inda maza ke zama ba aure ba dukiya, sai addu'a da noma har mutuwa.

Na ce, "Haba Mama! Ki hana shi mana."

Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "'Yata, limamin cocinmu, Fada, shi ne ya hana shi, kuma saboda ni."

Ashe ba tafiyarsa take wa kuka ba. Likita ya duba ƙirjinsa, lafiya lau. Takardar baftisma tana nan. Shekara uku Fada yana lura da shi, ya ga yana da haƙuri da jin magana, ga sana'a a hannu, kuma ba wadda ya yi wa alkawarin aure. Abu ɗaya ya rage: ba sa karɓar wanda zai bar uwa ba mai kula da ita. Tana da 'ya a Diobu, can Fatakwal, amma ɗaki ɗaya suke ciki da miji da yara biyar.

Mako biyu Mama tana tsakurar abinci tana turewa, har wuyanta ya fito. Ta ce ita ce ta zame masa ƙarfen ƙafa. Shi kuwa ko a fuska bai nuna ba, wannan ya fi yi mata ciwo.

Gaskiya ban gane namijin da zai ƙi aure ba, har yau ma ban gane ba. Amma na gaya wa maigida. Ya ce, "Addininsu ne, ba mu da ta cewa. Maƙwabtaka kuwa tamu ce. Ke za ki iya kula da ita?" Na ce zan iya.

Fada ya zo a kan keke, wani tsohon Bature, ya zauna a tabarma, kafinta yana tafinta. Ni ya fara tambaya, in ta kwanta ciwo fa? Na ce yadda na yi jinyar uwata haka zan yi tata. Ya ce ranar Lahadi fa? Maigida ya ce za a raka ta har ƙofar coci, ba za mu shiga ba, ba kuma za mu hana ta ba.

"In kun koma Arewa fa?"

Maigida ya ce, "Gobe ta Allah ce, ba zan yi maka ƙarya ba. In hakan ta faru, da kaina zan kai ta hannun 'yarta."

Fada ya rubuta, ya ce zai aika wa shugaban gidan, ya hau kekensa. Mako shida shiru. Kullum ina cewa a raina gaskiyar maigida ta ɓata komai, ina kallon tsohuwa tana ƙara ramewa.

Wata azahar sai ga kafinta, garin katako har a gashinsa, da takarda a hannu. Ya durƙusa gaban uwarsa ya ce an karɓe shi. Ta shafa kansa, ta daɗe tana shafawa, sannan ta juyo ta ce, "'Yata, akwai sauran tuwo?"

Malmala biyu ta cinye. Na zauna daɓas a ƙasa ina kallonta.

Ya tafi bayan damina. Mama ta yi shekara uku a hannunmu kafin surukinta ya sami gida mai ɗaki biyu, kuma a duk zaman faɗanmu ɗaya ne da ita: wai ba na sa manja yadda ya kamata.