Ɓerayen Kabiru da jikata Ummi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanina Kabiru, Allah Ya jiƙansa. Har yau a Ruwan Bago in an ambace shi sai wani ya ce, "Wanne? Mai kiwon ɓeraye?" Mu muna fama da ɓera a rumbu, shi kuwa a jami'a abinci yake ba su, har da share musu keji. Mahaifiyarmu ba ta taɓa iya faɗa ba, cewa take likitan dabbobi ne.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma kunnena ba ya yar da magana. Wata rana muna ɓarar gyaɗa na tsare shi sai ya faɗa min amfanin aikin nan. Ya ce, "Yaya, ƙwaƙwalwa kullum tana haɗa wani abu, furotin, da shi take riƙe abin da aka koya. Akwai abin da ke ce mata ta ƙara, akwai mai cewa ya isa, kamar hannunki in kina zuba gari a tukunyar tuwo. In awon ya kuɓuce, sai ki ga ɓera ya guji 'yan'uwansa, yana ta maimaita abu ɗaya."

Na ce, "Ba dai aljanu ne suka shige shi ba?" Ya yi dariya har ya ƙware.

Bai ga jikata Ummi ba, bayansa aka haife ta. Ta isa magana, ba ta yi. Ba ta shiga cikin yara, sai ta zauna tana jera gyaɗa layi-layi, in an taɓa ƙwaya ɗaya ta yi ta ihu. Dangin ubanta a Kurugu sun ce iska ce, sun sa ranar da za a rufe ta a ɗaki a yi mata hayaƙi.

Na san abin da Kabiru zai ce: ɓera ba mutum ba ne, kar in yanke hukunci. Gaskiyarsa, ban san me ke damun yarinyar nan ba. Kabiru bai bar min gadon gida ba, bai bar gona ba, amma ya bar min sanin cewa hali yana iya fitowa daga aikin ƙwaƙwalwa, kuma ana iya dubawa.

Na samu kakarta ta wajen uba, muka gaisa, na ce, "Addu'a kam a yi, ni ma ina yi. Hayaƙi kuwa, sai likita ya gan ta tukuna."

Ta ce, "Ke ma kin koma kiwon ɓerayen ke nan?"

Na ce, "In shi zai hana a shaƙe min jika, na koma."

Jibi ne ranar da suka sa. Gobe da sassafe ni da Ummi da uwarta muna motar Kano zuwa wajen likita, gyaɗarta ƙulle a bakin mayafina.