Muryar Iya a Shafin da Ba Nawa Ba

Bayan na bar koyarwa a firamare, na buɗe ɗan shago a ƙofar gidanmu a Kontagora ina sayar da man kaɗe. Ba ni nake yin sa ba. Wata tsohuwa ce daga Kambarin ƙauyukan Rijau take yi, ni kuma in je in saro, in tace, in zuba a robobi. Iya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malama. Hausarta a karye take, namiji da mace duk "shi" ne a bakinta, haƙoranta na gaba sun zube. Amma man da ke fita daga hannunta ba ya ƙauri, fari sol, ga laushi.

Da na ga mata suna sayar da atamfa da turare ta waya, na ce ni ma bari in gwada. Maigidana ya ce sai na fara ganin lauya. Akwai wata Barista da ofishinta yake kusa da kotu, ajinmu ɗaya a sakandare. Ita ta yi mini rajistar sunan kasuwanci, ta nuna mini hanyar neman izinin hukuma kafin in manna takarda a jikin roba.

"Kada ki kuskura ki rubuta yana maganin wani ciwo," in ji ta. "Man shafawa ne, ki tsaya nan. Kuma duk fuskar da za ki sa, sai da yardar mai ita."

Na ce tsohuwar ba ta rubutu.

"To ki ɗauke ta a bidiyo tana faɗa da bakinta."

Haka aka yi. Farkon damina na je ƙauyen, na same ta a bayan gidanta tana buga ƙullun kaɗe a babbar ƙwarya. Babbar 'yarta, wadda ke shugabantar zumuntar mata a cocinsu, ta fassara mata abin da nake nema. Iya ta yi dariya har da riƙe baki, ta dubi wayar ta ce, "In shi zai kawo masu saye, ki sa shi." Na ɗauke ta tana aikinta. Wani zakara ya gifta ta bayanta, ta kore shi da faɗa cikin Kambarci.

Wannan bidiyo da na sa a shafin da na buɗe shi ne ya ɗaga ni. Na fara kai kaya tasha ana tafiya da su Minna, Kaduna, har Abuja. Ba ni da saurin rubutu a waya, don haka da murya nake amsa wa mutane, da murya nake tallata sabon kaya. Ban taɓa tunanin murya abu ce da za a iya ɗauka a tafi da ita ba.

Bayan kakar shekarar da ta biyo baya, Iya ta rasu. Na je gaisuwa, na ga inda aka sa ta, can gefen gona. Da na dawo na sauke bidiyon daga shafina, don ban ga dacewar a ci gaba da kallon ta ana tambayar farashi ba. Na ci gaba da sarar mai a hannun 'yar.

Wata ranar kasuwa da tsakar rana ina cikin shago, ɗan acaba ya sauke 'yar Iya a ƙofa. Matar da ba ta taɓa shigowa ba tare da doguwar gaisuwa ba, ranar ko sallama ba ta yi ba. Ta miƙo mini wayarta.

"Malama, me muka yi miki?"

Na karɓa. Shafi ne mai sunan kasuwancina, an ƙara harafi ɗaya a ƙarshe. Hotunan robobina ne, har da tabarmar da nake jera su a kai. A sama akwai bidiyo. Na taɓa shi.

Iya ce, zaune a bayan gidanta, hannu cikin ƙwarya. Ta ɗago kai ta dube ni. Sai ta fara magana, da Hausa tsantsa irin ta masu karanta labarai a rediyo. Ta ce shekararta ɗari tana wannan sana'a, kuma har yau tana nan da ƙarfinta saboda wannan mai. Ta ce yana warkar da ƙyasbi da sanyin ƙashi, yana sa fata ta yi fari cikin mako. Muryar tata ce, har da 'yar shaƙewar nan da take yi. Amma bakin cike yake da haƙora, jere reras. Idanun ba sa ƙiftawa sai can ba a rasa ba. Zakaran ya gifta ta bayanta, ya sake giftawa, ya sake, daga wuri ɗaya, ita kuwa ba ta kore shi ba.

A ƙasa mutane sun yi ta rubutu. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Allah ya ja kwana.

A waje masu kura suna ta ihun a ba su hanya, ni kuwa kamar an toshe mini kunne.

"Jikokinta sun gani," in ji 'yar. "Ba wanda ke yarda ya bi ta bayan gidan yanzu, inda take aikinta. Ana cewa kin kama kurwarta kin sa a waya tana yi miki aiki. Yayanmu ya ce kotu za mu je."

Na rantse mata ba ni ba ce. Ba ta yarda ba. Akwai lambar waya a shafin, na ce bari in tura saƙo a gabanta ta gani. Na rubuta cewa ina son roba biyu. Ba a jima ba amsa ta shigo, saƙon murya. Na buɗe.

"Sannu 'yar'uwa, Allah ya kawo ki. Akwai babba, akwai ƙarami, wanne za a sa miki?"

Muryata ce. Yadda nake jan "sannu", yadda nake ɗan shan iska kafin in ce "akwai". Ban taɓa faɗin wannan jimlar a haka ba, amma ko mahaifiyata aka kunna wa za ta ce ni ce. Na ajiye wayar a kan tebur a hankali, kamar abin da zai iya cizo. 'Yar Iya ta ja da baya har ta bugi ƙofa, tana kiran sunan Yesu. Ni ma bakina bai daina Innalillahi ba.

Muka ɗauki acaba tare zuwa ofishin Barista. Ta kalli bidiyon har ƙarshe, sannan ta kife wayar.

"Na'ura ce," ta ce. "Ana ba ta hoton mutum da muryarsa, ta sa shi faɗin abin da aka ga dama. Tun kafin ki sauke naki suka kwafe."

"Su wa?"

"Wannan ne ba lallai mu taɓa sani ba."

Ta sa na ɗauki hoton komai na shafin kafin a goge, muka kai rahoto wurin 'yan sanda, na yi rantsuwa a kotu cewa shafin ba nawa ba ne, ta rubuta wa masu dandalin da shafin yake ciki ƙorafi da shaidar rajistata. Ta ce in sanar da masu sayena a fili, in daina tura saƙon murya.

Ashe gara da muka riga muka kai rahoton. Ba a yi nisa ba aka kira ni ofishin 'yan sanda. Wata mata daga wani gari ta sayi man a wancan shafin, ta shafa, fuskarta ta saɓule. Da ta nemi sunan kasuwancin, adireshin shagona ta samu. An nuna mini hoton fuskarta, na kasa kallo sau biyu. Barista ta ajiye musu rahoton da muka riga muka kai, da robata ta gaskiya wadda ba a rubuta maganin komai a jikinta ba. Suka sallame ni. Matar ta kira ni daga baya tana kuka, ta ce ita fa da ni ta yi magana, ta san muryata. Haƙuri na yi ta ba ta, da muryar da ta cuce ta.

Saura ƙauye. Barista ta ce doka tana gefena, tunda akwai yardar tsohuwar a ɗauke. Maigidana ya ce doka ba za ta sa yara su koma bi ta bayan gidan ba, in shirya ya raka ni.

Mun isa da hantsi. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa, yayan ya zauna a kan turmi, mata da yara suka tsaya nesa-nesa. Na yi bayani iya iyawata, 'yar tana fassarawa. Yayan bai ɗago kai ba. Da na gama ya ce, "In na'ura ce, ina ta samu numfashinta?"

Sai na fito da bidiyon asali na kunna, na ajiye wayar a tsakiyar tabarma. Iya ta yi dariyarta, baki ba haƙora. Ta ce, "In shi zai kawo masu saye, ki sa shi." Ta kori zakara da Kambarci. Wata tsohuwa a cikin matan ta yi ƙara ta rufe fuska da zane. Yayan ya sa aka sake kunnawa, sannan ya ce a kunna ɗayan. Ya saurara, kansa a karkace.

"Wannan ba uwarmu ba ce," ya ce. "Wani abu ne ya sa fatarta."

Iska ta taso daga wajen gona, ganyen dawa ya yi ta kaɗawa, na lura kowa ya ƙi duban wancan gefen. Daga baya aka kawo mana ruwa, na sha, maganar kotu ta mutu a nan. Sai dai yayan ya ce kada a sake ɗaukar hoton kowa a gidansu, ko hannu ne. Na ce na ji.

An rufe shafin bayan an sha jira. Ba a kama kowa ba. 'Yar Iya ta ci gaba da kawo mini mai, amma ba ta ƙara shiga shagon ba, daga ƙofa take miƙo kaya. Masu saye sun ragu, wasu kuma sai sun kira ni ta bidiyo sun ga fuskata ina motsi kafin su yarda, har wata ta ce in ɗaga hannu in taɓa kunnena.

Kwanakin baya wata mai sayena a Minna ta turo mini wani sabon shafi. Robobina ne dai, da tabarmata. Wannan karon wani dattijo ne da farar hula, zaune a gindin bishiya, yana yabon man da murmushi. Ban san shi ba. Na daɗe ina kallonsa ina tunanin ko na wane gari ne, ko 'ya'yansa sun gani, ko yana raye. Na ɗauki hoton shafin na tura wa Barista, sannan na tashi na ɗaure kayan da direban Kaduna yake jira a tasha.