Tambayar da na kai wa Inna Doguwa

Mun tashi da asuba daga Kano zuwa garinmu Doguwa, ni da wata malama abokiyar aikina, a motar katako mai ɗauke da gishiri. Kwalejinmu ta horar da malamai mata ce ta aike mu. Baturiyar da ke shugabantarmu na son a rubuta tarihin makarantar, ta ce a tambayo iyayen ɗaliban farko abin da ya sa suka ba da 'ya'yansu lokacin da kowa ke ɓoye nasa. Ni ina cikin na farkon. Kuma wallahi na fi Baturiya son amsar, don tun ina ƙarama nake zargin mahaifiyata Inna ba ta so na shi ya sa ta tura ni.

A Ƙofa ta ƙasar Bebeji muka karya da koko da ƙosai na kwabo. Kaka ce, dawa jibge a gonaki, jakuna sun cika hanya. A Dangora direba ya ce minti biyar, ashe mintinsa na Bahaushe ne, sai bayan azahar muka motsa. Daga Tudun Wada kuwa mota ta ce ba ta san zancen ba. Nan muka kwana, da safe muka bi ayarin fatake ta cikin daji, abokiyata a kan jaki tana salati duk gangare. Da na hango duwatsun Doguwa sai na ƙara sauri. Kai, kewar gida ba ta tsufa.

Kowa ya yi murna, ban da Inna. Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce: ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa amsa gaisuwata ido da ido ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta ci gaba da tankaɗe. Tuwon dawa da miyar kuka da man shanu dai ya iso gabana, ta hannun ƙanwata.

Na san in ni na tambaya ba zan samu komai ba, sai na tura abokiyata, na laɓe a bayan zana.

"Inna, me ya sa kika yarda aka tafi da ita?"

Inna ta ce, "'Yar nan, ni ban san boko ba. Amma mai unguwa ya ce a can kowace safiya ana kiran sunan kowace yarinya da ƙarfi, ta amsa. Ni bakina a ɗaure yake. Na ce to, ta je inda za a riƙa kiranta."

A nan na zauna a ƙasa na yi kuka, na toshe baki kada ta ji.

Kwana uku muka yi. Ranar tafiya ba ta rako ni ba, kuma wannan karon ban ji haushi ba. Na dawo Kano da abin da tafiyar ta koya mini: shekarun da na yi ina ƙullace da Inna, ashe ita ma kewata take yi, ba ta da halin faɗa mini.

Ran Litinin na buɗe rajista a aji. Da sauri na saba kiran sunaye. Ran nan ɗaya bayan ɗaya na kira su, da ƙarfi, ina jira kowace yarinya ta amsa.