Ranar da Anka Ce In Rage Murya

Jikana Nasiru ya kafa makirfo cikin ɗaki, shina waƙar faɗa kamar mai raɗa, wai kar murya ta fashe. Nac ce, "Maigida, in tsoron ƙarfen kake, miƙo shi nan."

Zamanin Turawa, mutanen rediyo da Baturensu sunka zo Kwargaba ɗaukar waƙar daka. Ni ke ba da waƙa, kuma tamu habaici ce ga matan Magarya, da sunka ce albasarmu ba ta da yaji. Malamin rediyo ya aza min wani siririn makirfo bakin turmi. Ina buɗe baki ya fizge abin da ke kunnensa.

"Ƙanwata, sassauta. Wanga na murya mai taushi ne. In ba ki iyawa, Magarya za mu, mu ɗauko tasu."

"Malam, mi kac ce? An taɓa habaici da lallashi? Wancan ƙaton na cikin akwati fa?"

"Na masu ganga ne."

"To ganga ta fi ni baki?"

Ya dubi Baturensa, Bature ya gyaɗa kai. Anka ɗauko ƙaton, anka ja shi baya kaɗan, na saki murya iyakar ƙarfina. Ran da anka sa waƙar, matan Magarya sun ji ta tsaf a rediyon ƙofar hakimi. Har yau ba su rama ba.

Ku mawaƙan yanzu, ku gaya min: in takalmi ya matse, ƙafa ake yankewa?